Rudolf Duala Manga Bell: sarkin da aka rataye kan ƙasar gado, wanda rigimarsa ta haifi New Bell

A ranar 8 ga watan Agustan 1914 hukumar mulkin mallakar Jamus ta rataye Rudolf Duala Manga Bell, sarkin gidan Bell, a unguwar Bonanjo da ke birnin Douala, tare da sakatarensa Adolf Ngoso Din. Laifin da aka ɗora musu shi ne cin amanar ƙasa. Abin da ya kai su ga igiya kuwa rigimar fili ce. Jamusawa sun ƙudura tayar da 'yan Duala daga bakin kogin Wouri, su mayar da su wasu sababbin matsugunai a bayan gari. Ɗaya daga cikin matsugunan nan shi ne New Bell, inda Hausawa masu yawa aka haife su, aka haifi iyayensu, har ma da kakannin wasunsu.

Duk Bahaushen Douala da ya tashi neman asalin gidansu, yana son sanin wane ne ya fara zuwa, daga ina, kuma ta wace hanya, dole ya ci karo da wannan suna. Filin da kakan nasa ya kafa bukka a kai ya fito ne daga shari'ar da ta ci ran Manga Bell. Bayan haka kuma, gidan Bell gida ne da ya san darajar salsala. Da ita sarkin ya kare ƙasarsa yana raye, da ita kuma zuriyarsa ta tono labarinsa bayan shekara ɗari.

Sunan da ke ɗauke da salsala

A al'adar Duala, mutum yana ɗaukar sunansa sannan a liƙa masa na mahaifinsa, kamar dai yadda Bahaushe ke cewa wane ɗan wane. Duala Manga na nufin Duala ɗan Manga. Mahaifinsa Manga Ndumbe, wato Manga ɗan Ndumbe. Kakansa Ndumbe Lobe, shi kuma ɗan Lobe Bebe, ɗan Bebe Bele, ɗan Bele ba Doo. Wannan Bele shi ne wanda Turawan jiragen ruwa suka karkatar da sunansa suka mayar Bell, har ya zama sunan gidan baki ɗaya. Wanda ya iya jera sunayen nan ya haura kakanni biyar ba tare da ya buɗe takarda ba.

Su kansu 'yan Duala ba su ce daga ƙasa suka tsiro ba. Tarihin bakinsu yana cewa kakansu Mbedi ya zauna a Piti, a gefen kogin Dibamba, ɗansa Ewale kuma ya taso da jama'arsa ya sauka a bakin Wouri, inda ya tarar da Bassa da Bakoko. Daga sunan Ewale aka samo kalmar Duala. Ashe masu garin ma baƙi ne a wani zamani, sai dai sun riga kowa riƙe lissafin zuwansu.

Lissafin nan yana rubuce a taswirar birnin har yau. Kalmar Bona a harshensu na nufin zuriyar wane ko mutanen gidan wane. Shi ya sa ake da Bonanjo, da Bonapriso, da Bonaberi, da Bonamoussadi. Kowace unguwa sunan wani kaka ce. Don haka idan aka ce za a tashi wata unguwa a bakin kogi, a kunnen ɗan Duala an ce ne za a goge wani reshe na salsalarsa.

Takardar 1884

An haifi Rudolf a wajajen 1873, lokacin da gidajen Bell da Akwa da Deido ke riƙe da cinikin kogin. Su ne dillalai tsakanin jiragen Turawa da mutanen cikin ƙasa, suna karɓar manja da ƙwarar manja da hauren giwa, suna ba da yadi da gishiri da bindigogi da barasa. Yana yaro ɗan kimanin shekara 11 kakansa Ndumbe Lobe, wanda Turawa ke kira King Bell, da Sarkin Akwa Dika Mpondo suka sa hannu kan yarjejeniya da wakilan kamfanonin Jamus biyu na birnin Hamburg, Woermann da Jantzen & Thormählen, a ranar 12 ga Yulin 1884. Bayan kwana biyu Gustav Nachtigal ya ɗaga tutar Jamus. Jakadan Ingila, Edward Hewett, ya iso bayan 'yan kwanaki ya tarar an riga an gama.

Sarakunan sun miƙa ikon mulki, amma sun gindaya sharuɗɗa. Mafi muhimmanci a cikinsu shi ne gonakin da suke nomawa da filayen da garuruwansu ke kai za su ci gaba da zama mallakar masu su da magadansu. Wannan kalma ta magada ita ce Rudolf zai riƙe bayan shekara 30, domin shi ne magajin wanda ya sa hannun.

Ba kowa ya yarda da takardar ba. Lock Priso na Bonaberi ya ƙi sa hannu, kuma a watan Disambar wannan shekara rikici ya ɓarke, aka ƙone garin Bell, jiragen yaƙin Jamus kuma suka yi wa Bonaberi ruwan wuta. Yaron ya ga farkon mulkin Jamus da idonsa, ya kuma ga cewa gidansu ne ya tsaya wa Jamusawa a ranar da wasu suka juya musu baya.

Baƙo a ƙasar Jamus

Gidan Bell ya daɗe da gane amfanin karatun Bature. Mahaifinsa Manga Ndumbe a Bristol ta Ingila ya yi karatu. Shi kuma Rudolf ya fara a makarantar gwamnati ta Douala, sannan a 1891 aka tura shi Jamus, wani ƙaramin gari mai suna Aalen a yankin Württemberg, inda ya zauna a gidan wani malamin makaranta. A can aka yi masa baftisma, daga baya ya wuce babbar makarantar sakandare a birnin Ulm. Ya shafe kimanin shekara biyar a ƙasar, ya iya Jamusanci kamar ɗan gari, ya ga yadda ake kai ƙara kotu, yadda jaridu ke sukar gwamnati, da yadda majalisar dokoki ta Reichstag ke iya hana minista kuɗi. Ya dawo gida da imanin cewa a Jamus doka tana sama da jami'i.

Bayan dawowarsa ya auri Emily Engome Dayas, 'yar wani Baturen Ingila ɗan kasuwa da wata mace 'yar Duala. A 1897, shekarar da kakansa Ndumbe Lobe ya rasu, aka haifa musu ɗa, Alexandre. A 1902 Rudolf ya raka mahaifinsa Berlin don kai koke kan yadda ake tafiyar da mulkin Kamaru, a wannan lokaci ne kuma aka bar ƙaramin Alexandre a Jamus ya yi karatu. Alexandre ya girma a can, daga baya ya auri Andrea, wadda aka haifa a Hamburg, 'yar wani makaɗin fiyano baƙar fata daga ƙasar Kuba. Cikin zuriya uku kacal, gidan sarautar bakin Wouri ya haɗa jini da Ingila da Jamus da Kuba.

Sarauta da dukiya

Manga Ndumbe ya yi mulki daga 1897 zuwa rasuwarsa a watan Satumbar 1908. Shi ne ya buɗe manyan gonakin koko a kwarin kogin Mungo lokacin da Jamusawa suka karya dillancin 'yan Duala, shi ne kuma ya gina fadar nan ta Bonanjo da ake kira Pagode a 1905, wadda ke tsaye har yanzu. A zamaninsa gidan Bell ya zauna lafiya da hukuma. Ko a 1905, da sarakunan Akwa suka aika wa Reichstag ƙarar gwamna Jesko von Puttkamer kan bulala da aikin tilas da ƙwace, gidan Bell bai sa hannu ba. An ɗaure masu ƙarar, amma abin ya zama abin kunya a Berlin, Puttkamer kuma ya rasa kujerarsa a 1907.

Rudolf ya gaji mahaifinsa, aka yi bikin naɗinsa a 1910. Ya gaji gonakin koko, da cinikin katako, da gidajen haya, da albashin gwamnati, da kujerar alƙalanci a kotun gargajiya. A idon Jamusawa shi ne abin misali, sarkin da ya sha ruwan ƙasarsu, yake sa tufafinsu, yake magana da harshensu. Babu wanda ya zaci daga wurinsa turjiya za ta fito.

A waɗannan shekarun ne garin ya fara cika da baƙi. Ana gina tashar jiragen ruwa, ana shimfiɗa layin dogo daga Bonaberi zuwa Nkongsamba, wanda aka gama a 1911, da wani layin da ya nufi cikin ƙasa ta Edea. Akwai ma'aikata daga Laberiya da Saliyo da Togo da Dahomey da Legas. Akwai Hausawa cikin 'yan sanda da sojojin da Jamusawa suka ɗauka haya. Bayan sojojin Jamus sun ci Tibati a 1899, suka wuce Ngaoundere da Garoua da Maroua, hanyar kudu ta buɗe wa fataken Hausawa da suka daɗe suna neman hauren giwa da goro a Adamawa. Suka bi ta Banyo da Tibati da Yoko, suna cinikin roba da yadi da dabbobi, har wasunsu suka ga teku.

Shirin tayar da gari

A 1910 hukumar Douala, ƙarƙashin jami'in gunduma Hermann Röhm, ta fito da wani shiri na sake fasalin birnin. Za a karɓe hekta 903 na bakin kogi, daga tudun Joss na Bonanjo zuwa Akwa da Deido, a mayar da wurin unguwar Turawa da ta ofisoshi da kamfanoni. Za a kwashe mutanen zuwa sababbin unguwanni uku, New Bell da New Akwa da New Deido. Tsakanin Turawa da baƙar fata za a bar fili mai faɗin kilomita ɗaya wanda babu wanda zai zauna a ciki.

Hujjar da aka bayar ta lafiya ce. Likitocin gwamnati sun ce baƙar fata ne ke ɗauke da zazzaɓin cizon sauro, don haka sai an nisanta su da Turawa. Amma akwai lissafin kuɗi a ƙarƙashi. Darajar filayen bakin kogi tana hauhawa saboda tasha da layin dogo, gwamnati kuma tana so ta karɓe su da araha kafin masu su su ci ribar. Diyyar da aka yanka ta yi ƙasa ƙwarai da abin da fili ke yi a kasuwa.

Ga 'yan Duala kuwa, kogi shi ne rayuwa. A nan kwalekwalensu suke, a nan suke kamun kifi, ta nan suke zuwa gonakinsu na Mungo, a nan kaburburan iyayensu suke. Wuraren da aka nuna musu suna da fadama da ambaliya, kuma nesa da ruwa. Gidajen Bell da Akwa da Deido da Bonaberi, waɗanda suka daɗe suna gaba da juna, suka haɗa kai a karon farko cikin shekaru masu yawa, suka sa Rudolf a gaba.

Ƙara a gaban majalisar Berlin

Bai ɗauki makami ba. Ya bi hanyar da ya koya a Aalen da Ulm. A watan Nuwambar 1911 sarakunan suka aika wa Reichstag takardar koke, suka sake aika wata a watan Maris na 1912. Hujjarsu ɗaya ce a ko da yaushe: takardar 1884 ta bar ƙasa a hannun masu ita da magadansu, su ne kuma magadan, kowa da sunan ubansa da na kakansa. Idan Jamus ta karya wannan sharaɗi, to ta karya yarjejeniyar da ta ba ta ikon zama a ƙasar.

A ranar 15 ga Janairun 1913 aka fitar da dokar ƙwace filayen. Rudolf ya buga wa majalisa waya, amma hukumar Douala ta riƙe saƙon na tsawon kwanaki har aka gama abin da ake so a gama. A watan Agustan wannan shekara gwamnati ta tuɓe shi daga sarauta ta yanke masa albashi. Aka hana 'yan Duala izinin tura wakilai Jamus. Sai suka tara kuɗi, suka fitar da Ngoso Din a ɓoye ya shiga jirgi.

A Berlin, Ngoso Din ya sami lauya, ya sami ɗan jarida Hellmut von Gerlach, ya kuma sami kunnen 'yan jam'iyyar Social Democrat. A watan Maris na 1914 kwamitin kasafin kuɗi na majalisar ya dakatar da kuɗin aikin har sai gwamnati ta yi bayani. Wannan ba ƙaramar nasara ba ce ga mutanen da ba su da ƙuri'a ko ɗaya a majalisar. A daidai lokacin kuwa ana ta rushe gidaje a Bonanjo, ana kora mutane New Bell.

Ma'aikatar mulkin mallaka, ƙarƙashin Wilhelm Solf, tana bukatar abin da zai juya ra'ayin majalisa, sai ga shi ya zo daga Foumban. An ba da rahoto cewa wani ɗan aike ya je wa Sarkin Bamun, Njoya, da sunan Manga Bell, yana neman a haɗa kai a kan Jamusawa a nemi taimakon Ingila. Njoya ya sanar da hukuma ta hannun 'yan mishan. Da labarin ya isa Berlin, majalisa ta saki kuɗin. A watan Mayu aka kama Rudolf a Douala, aka kama Ngoso Din a Berlin aka maido shi gida a tsare.

Shari'ar kwana ɗaya

Manyan lauyoyi biyu na Jamus, Hugo Haase da Paul Levi, sun ɗauki nauyin kare su. Amma a farkon watan Agusta yaƙin duniya na farko ya ɓarke, hanyar teku ta rufe, hukumar Douala kuma ta ga dama ta samu. A ranar 7 ga Agusta aka gurfanar da su, a ranar aka yanke hukunci. Shugabannin mishan na Katolika da na Basel da na Baptist sun roƙi gwamna Karl Ebermaier ya yi sassauci, ya ƙi. Washegari aka rataye su. A wannan rana kuma aka harbe Martin-Paul Samba a Ebolowa bisa irin wannan zargi. Rudolf yana da kimanin shekara 41.

Jamusawa ba su more filin ba. A ranar 27 ga Satumbar 1914, kwana 50 bayan ratayar, sojojin Ingila da Faransa suka karɓi Douala. Kafin su fice, Jamusawa sun kashe 'yan Duala da dama bisa zargin taimaka wa abokan gaba. A 1916 birnin ya koma hannun Faransa.

'Yan Duala sun zaci sabon mai mulki zai maido musu da abin da tsohon ya ƙwace. Sun kai koke taron sulhu na Paris a 1919, sun sake kai wa Majalisar Ƙawancen Ƙasashe a 1929. Faransa ta riƙe tudun Joss, Bonanjo ta zama unguwar ofisoshi kamar yadda take a yau. Akwa da Deido sun tsira a wurarensu domin yaƙi ya tsayar da aikin kafin a kai kansu. Mutanen Bell kuwa ba su taɓa son New Bell ba, kuma a shekarun 1920 akasarinsu suka koma unguwar Bali, cikin filin nan da Jamusawa suka so a bari babu kowa.

Yadda New Bell ta zama zango

Wurin da masu gari suka ƙi, baƙi suka karɓa. Hukumar Faransa ta riƙa tura waɗanda ba 'yan Duala ba zuwa New Bell, tana naɗa wa kowace ƙabila shugaba da zai ƙirga mata kawuna ya tara haraji. Hausawa suka sami sarkinsu da limaminsu da masallacinsu, suka riƙe fawa da tsire, wanda a Kamaru ake kira soya, da ɗinki da cinikin goro da koli. Bamileke da Bassa da Ewondo da Bamun suka yi ta kwarara, suna aiki a tasha da layin dogo, wanda ya isa Yaounde a 1927. Kafin samun 'yancin kai a 1960, baƙi sun fi 'yan Duala yawa a birnin nesa ba kusa ba, New Bell kuma ta zama unguwa mafi cunkoso. A nan ne tarzomar watan Mayun 1955 ta fi zafi, wadda bayanta Faransa ta haramta jam'iyyar UPC.

Sunayen sassan New Bell sun bambanta da na bakin kogi. A bakin kogi, sunan unguwa yana faɗin 'ya'yan wane ne ke zaune. A New Bell yana faɗin daga ina aka zo: New Bell Haoussa, New Bell Bassa, New Bell Bamileke, Yabassi, Congo. Ɗan Bonapriso ya san sunan kakan da ya kafa unguwarsu. Ɗan New Bell Haoussa sunan unguwar ya gaya masa ƙabilarsa kawai, sauran aikin an bar masa. Ko kakan Bakano ne, ko Bakatsine, ko Bazazzagi, ko daga Borno ko Yola ya taso ya zama Bahaushe a hanya, wannan sai an tambaya a gida. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma raɓar New Bell ta haura shekara ɗari ba ta bushe ba. Masaniyar tarihi Lynn Schler ta rubuta littafi sukutum a 2008 kan baƙin wannan unguwa daga 1914 zuwa 1960.

Zuriyar da ta bi sawu

Gidan Bell bai bar sunan Rudolf ya nutse ba. A 1929 aka tsara waƙar Tet'Ekombo don tunawa da shi, wato uban ƙasa, sunan da ake kiransa da shi har yau, ana kuma taruwa duk ranar 8 ga Agusta. A 1936 aka kafa masa hasumiyar tunawa a Bonanjo. Ɗansa Alexandre ya dawo daga Turai bayan yaƙi, ya wakilci Kamaru a majalisar dokokin Faransa daga 1945, ya rasu a 1966. A 1977 ɗan jarida Iye Kala Lobe ya wallafa tarihin rayuwarsa.

A Jamus kuwa an manta da shi kusan ƙarni guda. Wanda ya fi kowa tono labarin a can wani ɗan zuriyar gidan ne, Jean-Pierre Félix-Eyoum, malamin makaranta da ya zauna a jihar Bavaria. Ya shafe shekaru yana bin ɗakunan adana takardu, yana neman a wanke sunan sarkin. A Douala kuma Gimbiya Marilyn Douala Manga Bell, tattaɓa-kunnensa, wadda ta kafa cibiyar doual'art tare da mijinta a 1991, ta yi ta aikin sanya tarihin birnin a gaban matasa. A 2015 marubuci Christian Bommarius ya fitar da littafi kan kisan. A 2021 gidan tarihi na MARKK a Hamburg ya buɗe baje koli a kansa. A 2022 birnin Ulm ya sa wa wani dandali sunansa, a watan Disambar shekarar kuma Berlin ta cire sunan Nachtigal, mutumin da ya ɗaga tuta a 1884, daga wani dandali ta sa na Manga Bell, don girmama Rudolf da matarsa Emily. Aalen ta bi sahu a 2023.

Abin da ya ba su wannan dama shi ne sun haɗa baki da takarda. Salsalar da ake jerawa a gida ta ba su sunaye. Takardun Turawa suka ba su ranaku: rajistar coci da ta makaranta a Württemberg, kundin muhawarar Reichstag, fayilolin ma'aikatar mulkin mallaka da ke ɗakin adana takardu na tarayyar Jamus a Berlin, da wasiƙun 'yan mishan da ke birnin Basel na Suwizalan.

Waɗannan ƙofofi a buɗe suke ga jikokin fatake ma. Ɗakin adana takardu na ƙasa a Yaounde yana riƙe da fayilolin zamanin Jamus da na Faransa. Akwai wani a Buea na ɓangaren da Ingila ta mulka, akwai kuma na ƙasashen da Faransa ta mallaka a birnin Aix-en-Provence. Tun da ta hannun shugabannin unguwa hukuma ke ƙidaya da karɓar haraji, takardun da suka shafi sarautar Hausawa wuri ne da ya kamata a fara dubawa. Sai dai takardar Bature tana rubuta sunan Bahaushe yadda kunnen magatakarda ya ji shi. Usman kan zama Ousmanou, Garba kan zama Garga, Haussa ta Jamusawa kuma kan haɗa duk wani Musulmi mai babbar riga, ko Babarbare ne ko Banufe. Mai bincike sai ya zo da sunan tun daga gida.

A gidan kuma shaidun suna nan ga mai lura. Laƙabin kaka sau da yawa sunan garinsu ne ko na sana'arsa. Tsagar fuskar tsofaffi tana nuna yankin da aka fito. A bangon Alkur'ani na gado ko cikin gafakar malam akan sami ranar haihuwa da ta rasuwa da ajami. Tsofaffin mata sun fi kowa riƙe wa ya auri wa, da wace mata aka zo da ita daga Arewa, da wadda aka aura a nan. Limamai da dattawan mahauta sun san gidan da ya sauki wane a ranar da ya iso.

Manga Bell ya iya jera kakanninsa har biyar a gaban hukuma, zuriyarsa kuma ta iya nuna ranar da aka yi masa shari'a da sunan gwamnan da ya ƙi sassauci. A New Bell Haoussa har yanzu akwai tsofaffin da suka ga waɗanda suka fara sauka, suka ji daga bakinsu sunan garin da suka baro da zangon da suka kwana a hanya. Kowace jana'iza tana rage adadinsu.